Gargaɗi: mai tallar tsofaffin katun na asali ya ci min N230,000 da faifan kwafi

Jama'a, N230,000. Kafin alƙalami N100,000, ciko N115,000, kuɗin mota N15,000. Ku haɗa da kanku. Abin da ya iso hannuna a madadin wannan kuɗi faifan DVD 30 ne na kwafi, irin wanda kowane yaro mai kwamfuta zai tura maka a bakin kasuwa, 3 daga ciki ma ko buɗewa ba sa yi.

Ba zan kama sunansa a nan ba, domin sunan da ke shafinsa daban, wanda ke kan asusun da na tura kuɗin daban, ban kuma san ko mai asusun ma wani bawan Allah ne aka yi amfani da shi ba. Amma hotunan hirarmu, da alat ɗin banki, da bidiyon da ya turo duk suna nan, zan ɗora su da zarar na gama rufe lambobin da ke jiki. Duk mai tara tsofaffin katun da ya ci karo da mai cewa yana da kayan gwanjo daga Amurka, wai kwantena ce ta sauka ta Kwatano, ya karanta wannan tukuna.

Ga abin da muka yi ciniki a kai. Looney Tunes Golden Collection cikakke, kundi 6, waɗanda kamfanin Warner ya fitar daga 2003 zuwa 2008, kowane kundi faifai 4, jimla 24, a N120,000. Gwangwani 2 na Walt Disney Treasures, kundayen Disney da ke zuwa a cikin akwatin gwangwani, da Silly Symphonies na 2001 da The Chronological Donald na farko na 2004, kowanne faifai 2, a N35,000 kowanne. Sai Tom and Jerry Golden Collection kundi na farko na 2011, faifai 2, a N25,000. Farashin ba na banza ba ne da za a ce kwaɗayin araha ya ja ni. Da ya ce N40,000 duka, da ban ko amsa masa sallama ba.

Masu cewa ai da ka bincika, ku saurara. Na bincika. Tarko ma na ɗana masa: na ce ina neman Tom and Jerry Golden Collection kundi na 2, ko yana da shi. Duk wanda ya san harkar ya san wannan kundi bai taɓa fitowa ba. An sanar za a fitar da shi a 2013, masu tarawa suka yi ca saboda an cire katun biyu daga ciki, Mouse Cleaning na 1948 da Casanova Cat na 1951, aka dakatar da shi, shiru har yau. Ɗan damfara na gama-gari cewa zai yi akwai, turo kuɗi. Shi kuwa sai ya yi dariya a saƙon murya ya ce, "Haba Alhaji, gwada ni kake yi? Ai wannan bai fito ba. Duk wanda ya ce maka yana da shi ɓarawo ne." Duk wanda ya ce maka yana da shi ɓarawo ne! Da bakinsa. Har ya ƙara da cewa kundi na farko katun 37 ne, daga na 1940 wanda a cikinsa sunan kyanwar Jasper, ba Tom ba, zuwa 1948. Kuma haka ne. Wane mai hankali ne zai ji wannan ya ce mutumin bai san kayansa ba?

A'a, kafin nan ma, ko bayan nan ne, ranar dai da na tura N100,000 ɗin, mun yi kiran bidiyo. Na ce ya juya faifan Donald na ga bayansa. Ya juya. Azurfa ne tas, da ɗan ruwan zinariya irin na faifai mai hawa biyu. Na ce ya kusanto da zoben tsakiya kusa da kyamara, ya haska fitilar waya. Na ga rubutun IFPI da idona, wanda ke farawa da harafin L a zoben madubi, shi ne shaidar inda aka yanka uwar faifan, sannan ga ɗaya ƙaramin da aka danna a kan robar kusa da rami, shaidar injin da ya buga shi. Faifan kwafi ba ya da na farkon. Ya nuna min takardar shaida mai lamba a cikin gwangwanin, ya nuna ɗan littafin. Ya sa faifan a na'ura masanin fina-finai Leonard Maltin ya fito yana gabatarwa, kamar yadda yake a na asali. Me ya rage in tambaya? Kayan da ya nuna min na asali ne, ban da shakka ko kaɗan. Yana da saiti ɗaya na gaske, shi yake nuna wa kowa, kamar ƙwan da ake bar wa kaza a akurki don ta ci gaba da sakawa. Wanda zai shiga kwali daban.

"Haba Alhaji, gwada ni kake yi?" Wallahi muryar tana kunnena.

Yanzu ga abin da ke cikin kwalin da direba ya miƙo a tasha, an naɗe shi da salatif kamar abin kirki. Bayan kowane faifai shuɗi ne mai ruwan shanshanbale, wato DVD-R, faifan da ake tura kwafi a kai, har kana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya, zobe mai duhu a ciki, mai haske a waje. A zoben tsakiya babu IFPI L, sai lambar kamfanin da ke yin faifan da ba komai a ciki. Saman kuma takardar manne ce aka buga da firinta, wasu ma a karkace. Wannan takarda kaɗai bala'i ce: tana sa faifai ya yi nauyi gefe guda yana kaɗawa a cikin na'ura, zafi kuma yana ɗago ta har ta maƙale a ciki.

Na sa su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Faifan asali na waɗannan kundaye mai hawa biyu ne, yana ɗaukar har gigabait 8.5. DVD-R na gama-gari 4.7 yake ɗauka, kwamfuta ma 4.37 za ta nuna maka. To duk nasa babu wanda ya wuce 4.3. Ma'ana an matse hoton kusan rabi don ya shiga. A fim na mutane wataƙila ka haƙura, amma katun layi ne da launi shimfiɗaɗɗe, matsi ba ya ɓuya a jikinsa. Duk inda gudu ya yi gudu sai hoton ya farfashe ya zama murabba'i-murabba'i, gefen layin baƙi ya yi ta ɓurɓushi kamar sauro na zagaye shi, sararin sama mai launi ɗaya ya rabu gida-gida. Manhajar ImgBurn ta faɗi gaskiya ƙarara, ta nuna nau'in faifan DVD-R, har da lambar masana'antar da ta yi shi. Faifan da aka buga a masana'anta DVD-ROM take nunawa, hawa 2.

Kuma ya yashe su. Abin da ya sa ake neman Looney Tunes Golden Collection, ban da gyaran hoto, shi ne ƙarin da ke ciki: sharhin masana irin su Michael Barrier da Jerry Beck da Greg Ford a kan katun, da zaɓin sauraron kiɗa zalla a wasu. Danna maɓallin sauya sauti a rimot, a na asali za ka ji ya koma sharhi. A nasa sauti ɗaya ne tak. Gabatarwar 'yar fim Whoopi Goldberg da ke kundi na 3 babu ita. Maɓallin ƙarin kaya yana nan a menu, ka danna ya dawo da kai farko. N120,000 na biya a kan wannan kaɗai. N120,000.

Na Tom and Jerry shi ya fi ƙona min rai, saboda ko daga faifan asali bai kwafo ba. Daga talabijin aka naɗo, ga tambarin tasha a kusurwa an yi ƙoƙarin shafe shi ya bar tabo. Katun na shekarun 1940 kusan murabba'i ne, 1.37 da 1, a talabijin na zamani dole ka ga baƙi a dama da hagu. Shi ya ja hoton ya cika allo, Tom ya yi faɗi kamar an zauna a kansa. Sai kuma ga katun ɗin Tom and Jerry na darakta Gene Deitch a tsakiya, waɗanda aka yi a Prague a 1961 da 1962, guda 13 ne duka duniya, zanensu da sautinsu ba sa ɓuya. Me ya kawo katun na 1961 cikin kundin da ya tsaya a 1948? Mutumin da ya san sunan Jasper ya san wannan. Ya sani sarai. Bai dai damu ba ne tunda kuɗi sun shiga.

Gwangwanayen Disney, ɗaya na gaske ne amma a lotse, babu takardar shaida, babu littafi. Ɗayan kuwa gwangwani ne kawai aka manna wa hoto.

Na manta ban faɗi zancen cikon ba. Yarjejeniyarmu ita ce N115,000 sai kaya sun iso na duba. Ranar da zai kai tasha ya kira, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, wai abokin cinikinsa ya ƙi sakin kaya sai an cika, wai wani daga Abuja ya taya da ƙari. Ya turo hoton kwalin da sunana a jiki, ya turo bidiyo yana jera faifan na asali a ciki. Bidiyon ya yanke kafin a rufe kwalin. Sai yanzu da nake ta maimaita kallonsa na ga inda ya yanke. Mutum ya nuna maka IFPI, ya ƙi sayar maka da abin da babu, ya rubuta sunanka a kwali, a ce kada ka cika masa? Na cika. Sannan N15,000 na mota, wanda direban ya ce shi N6,000 aka ba shi.

Da na kira mai kayan, amsar farko wai na'urata ce, wai a tsarin kulle DVD bisa yankunan duniya faifan Amurka yanki na 1 ne, Najeriya kuma yanki na 5. Ni zai koya wa yanki? Matsalar yanki saƙo take fitarwa a allo ta ƙi kunnawa gaba ɗaya, ba ta mayar da bayan faifai shuɗi, ba ta dasa tambarin tasha a kusurwa. Nasa ma ba su da kullen yanki ko kaɗan, wanda shi kansa shaida ne a kansa. Daga nan ya koma wai ai Warner ma tana sayar da DVD-R. Gaskiya ne, Warner Archive da aka fara a 2009 tana yin faifai bisa oda a kan DVD-R, halal ne, da tambarinta a kwali. Amma waɗannan kundaye ba sa cikinsu, Disney kuma ina ruwanta da Warner? Da na faɗa masa haka sai ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren kwali, zai musanya, in turo kuɗin mota. In turo kuɗin mota! Bayan N230,000! Daga nan layi ya daina shiga, shafin ya ɓace.

Wani ɗan uwa mai tarawa ya turo min wani sabon shafi, suna daban, amma tabarmar da ke ƙarƙashin kayan ita ce, gwangwanin Donald ɗin shi ne, har da ɗan karcen da ke kusurwarsa. Kun san me yake talla a can? Tom and Jerry Golden Collection kundi na 2. Hoton wannan ma zan ɗora. Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda da duk takardun.

Kada ku cika kuɗi sai faifan yana hannunku, ko hannun wanda kuka aika ya juya bayansa da kansa. Bidiyo ba shaida ba ne. Wanda ya tura wa mai wannan tabarma kuɗi ya yi min magana ta akwatin saƙo, a haɗa rasit wuri guda.