Shafin Kotun Duniya a intanet: inda takardun rikicin Bakassi suke

Duk mai son sanin yadda Najeriya da Kamaru suka rabu da rikicin Bakassi, yankin bakin teku da ke kan iyakarsu, ba tare da yaƙi ya ɓarke gadan-gadan ba, ya leƙa shafin Kotun Duniya da ke Hague, icj-cij.org. Kyauta ne, ba rajista. A shiga jerin ƙararraki a nemi ƙara mai lamba 94, wadda Kamaru ta shigar a Maris 1994.

Amfaninsa babba shi ne ya ajiye tarihi biyu masu karo da juna, kowanne daga bakin mai shi. Najeriya ta kafa hujja da yarjejeniyar 1884 tsakanin Ingila da sarakunan Tsohuwar Kalaba: kariya aka yi musu alkawari, saboda haka Ingila ba ta da ikon kyautar da ƙasarsu. Kamaru ta riƙe yarjejeniyar iyaka ta 11 ga Maris 1913 tsakanin Ingila da Jamus, mai mulkin Kamaru a lokacin, da sanarwar Marwa ta 1975 kan iyakar teku, da shugabannin ƙasashen biyu, Gowon da Ahidjo, suka sa wa hannu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta bi takardar 1913, alƙalai 14 suka ba Kamaru Bakassi, 2 suka ƙi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗa wa hukuncin kai tsaye. Doguwar takarda ce, shafi ɗaya Turanci ɗaya Faransanci, mai karatu a waya sai ya ɓace. Gara a fara da taƙaitaccen bayanin hukuncin, sannan sakin layi na 325 inda aka jera abin da aka yanke. Bayan nan a karanta ra'ayin alƙali Koroma da na Ajibola, su biyun da suka saɓa. A ganina nan ne naman yake, domin sun tambayi ko takardar Turawa ta isa ta shafe ikon mutanen da aka tarar a wurin.

Kada a tsallake sashen Tafkin Chadi. Ruwa ya janye, masunta daga Najeriya suka bi shi har Darak suka zauna, Najeriya ta ce zaman ya zama mallaka. Kotu ta ce iyakar da Ingila da Faransa suka tabbatar a 1931 tana nan daram.

Inda shafin ya gaza: babu Hausa ko kaɗan, kuma muryar masuntan da aka sauya wa ƙasa ba ta cikin takardun sai ta bakin lauyoyi. Wannan rashi yana da ciwo. Haka kuma labarin ya tsaya a hukunci. Yarjejeniyar Greentree ta 12 ga Yuni 2006 kan aiwatar da hukuncin, da miƙa Bakassi ga Kamaru a Agusta 2008, sai an nemo su a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mai karatu daga Nijar zai sami shari'ar tsibirin Lete tsakanin Benin da Nijar, hukuncin 2005, a jeri ɗaya.