Rababar da na sayo a titin Muhammad Ali, bayan wata shida a hannuna

Toh tunda an dame ni da tambaya kan rababar nan, wato gogen Misira, bari in faɗi yadda na same ta. Ni dai ba makaɗi ba ne, karatu ya kai ni Alƙahira, amma kakana mai goge ne kuma a gindinsa na tashi, shi ya sa ranar da na ji wani dattijo ɗan Sa'id, wato kudancin Misira, yana jan rababa yana rera labarin ƙabilar Larabawa ta Banu Hilal, su jarumi Abu Zaid, sai da tsigar jikina ta tashi, nace wallahi ba zan koma gida ba sai da wannan abin.

Da farko na je kasuwar Khan Khalili, kuma a nan ne na kusa yin asara. Waɗanda ke rataye a can yawanci na 'yan yawon buɗe ido ne, an sha musu fenti da ƙyalƙyali, tsirkiyar waya ce ko roba, kana ja sai kaji kamar ana yanka akuya da wuƙa mara kaifi. Wani abokina ne yace in wuce titin Muhammad Ali kusa da dandalin Ataba, can ne layin masu kayan kiɗa tun zamanin da. Shagon da na shiga ɗan ƙarami ne, duk garayar Larabawa ce wato udu a rataye, rababar ma sai da mai shagon ya shiga ciki ya ɗauko.

Ginin ta babu wani surkulle. Ƙoƙon kwakwa ne aka yanke, aka rufe bakin da fatar kifi, aka soka doguwar sanda ta ratsa shi, ƙasan kuma ƙarfe ne da kake dafawa a cinya ko a ƙasa. Tsirkiya biyu, duka tsagiyar doki, izgar ma haka. In ka san goge toh ka ga 'yar uwarta, bambancin shine namu ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiya ɗaya kuma a kwance ake riƙe shi, ita kuwa a tsaye take. Abin da ya fi ba ni wahala shine in zaka koma ɗaya tsirkiyar ba hannun izga kake karkatawa ba, rababar ce kake juyawa gaba ɗaya, sati biyu nayi kafin hannuna ya yarda. Sannan yatsa baya danna tsirkiya har jikin sanda, taɓawa kawai yake, wannan kam goge ya riga ya koya min.

Murya kam Masha Allah. Akwai wani ɗan dishi dishi a ciki kamar tsoho yana magana ta hanci, in ka shafa ƙaro da kyau ka ja a hankali har maƙwabta sai sun leƙo.

Amma fa tana da nata. Kunnuwan ɗaurin, waɗannan 'yan itacen da ake murɗawa, ɗaya baya zama, kana cikin kiɗa sai ya saki, sai da na naɗa masa zare na shafa alli sannan ya kama. Fatar kuma ba ta son laima ko kaɗan, da na dawo da ita gida cikin damina sai muryar ta mutu murus, dole in kara ta kusa da garwashi ko ƙwan lantarki ta ɗan ji ɗumi, da hunturu ya shigo kuma ta ɗame har ina tsoron ta tsage. Jakin da aka sa mata ma, wato ɗan itacen da ke ɗage tsirkiya a kan fata, ya yi tsawo, na rage shi da reza. Jaka kuwa babu, a jarida mai shagon ya naɗe min ita, haka na rungumo ta a jirgi kamar jaririya.

Wani ya tambaye ni wai ko ita ce wadda yake gani a YouTube 'yan Afganistan na kaɗawa. A'a malam, suna ne ya zo ɗaya. Rubab ɗin can daga kututturen itacen tut (mulberry) ake sassaƙa shi, fatar akuya, tsirkiyoyi rututu sun haura goma, kuma ba izga, tsinke ake sawa kamar na garaya. Shine UNESCO ta sa a jerin kayan gado a 2024, ita kuma Sirar Hilaliyya, wato labarin Banu Hilal ɗin nan da ake rerawa da irin tawa tun 2008 tana ciki. In zaka yi oda ta intanet ka duba hoto da kyau kar a turo maka wanda baka nufa ba.

Mai shagon dai ya kyauta, bai nuna gajiya ba, ya ɗaura min ita ya ja min 'yar waƙa, ya ƙara min tsagiya da ƙaro kyauta, ciniki ne kawai sai ka dage don farashin farko na baƙo ne. Duk wanda zai je ya ce a ba shi ta makaɗa ba ta ado ba, ya ƙwanƙwasa fatar da farce ya ji ko ta ɗame, kuma ya murɗa kunnuwan nan biyu a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi, ni nan ne na yi sakaci.