Lissafin G ga tsaga mai gudu: hanyar J ko hanyar sakin ƙulli?

Wani ɗan'uwa mai karatun injiniya a nan Kaduna ya tambaya a zaure: ya ƙera farantin ƙarfe a kwamfuta, tsaga na gudu a cikinsa da mita 900 a daƙiƙa, yana neman G, wato kuzarin da ake saki ga kowane sabon fili da tsagar ta buɗe, ta hanyar J, lissafin da ake yi a kan layin da ya zagaye bakin tsaga, amma duk zagayen da ya ɗauka a bakin tsagar, J daban yake ba shi. Ya ci gaba da J ne, ko ya koma hanyar sakin ƙulli, inda ake sakin mahaɗan raga (ƙananan yankunan da aka raba farantin a kwamfuta) ɗaya bayan ɗaya yayin da tsagar ke gaba?

Ɗan'uwa, laifin ba na ragarka ba ne. J ɗin da Rice ya kawo a 1968 na jikin da ke tsaye ne cik. Da tsaga ta fara gudu, ƙarfen da ke kewaye da bakinta yana motsi, kuma wancan lissafi bai san da kuzarin motsi ba. Gyaran shi ne ka bar layi ka koma fili: ka tara kuzarin motsi T a kan kuzarin matsi W, sannan ka ƙara ρ(ü·∂u/∂x − u̇·∂u̇/∂x)q a duk faɗin filin (ρ nauyin ƙarfen ne a kowace kubik mita, u gocewarsa, q kuma adadi ne mai sauka daga 1 a bakin tsagar zuwa 0 a gefen filin). Wannan kashi na biyun ne aka fi mantawa. Ka jefar da zoben raga ɗaya ko biyu na farko da ke kewaye da bakin tsagar, domin nan raga ta fi yin ƙarya. Idan zobe na 3 zuwa na 6 suka yi kusan daidai, ka samu.

Hanyar sakin ƙulli ta fi sauƙin rubutawa. Tushenta aikin Rybicki da Kanninen ne na 1977: G = F·Δu / (2BΔa), wato ƙarfin da ke riƙe da ƙullin, sau buɗewar bayansa, a raba da ninki biyu na kauri sau tsawon taki ɗaya na raga, wato tazarar ƙulli zuwa ƙulli. Matsalarta a yadda ake sakin take. Idan ka saki ƙulli farat ɗaya, ka buga wa farantin guduma ke nan, G zai riƙa tsalle kamar fara. A hankali ake rage ƙarfin, cikin lokaci Δa/v, inda v shi ne gudun tsagar. Da taki na milimita 0.5 da gudun 900, lokacin ya kama mikrosakan 0.56. Igiyar matsi a ƙarfe tana gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa, saboda haka takin lokacinka ba zai wuce mikrosakan 0.085 ba. Takin lokaci 6 ko 7 kacal ga kowane ƙulli, kuma sun yi kaɗan. Ka rage takin lokacin har ka samu 20 ko fiye. In rabin faranti ka ƙera, ka ninka Δu sau 2.

Ni dai J na fili na fi aminta da shi, don yana karanta amsa nesa da inda raga ta fi rauni. Sakin ƙulli ya fi dacewa idan hanyar tsagar sananniya ce, miƙaƙƙiya, misali tsakanin shimfiɗu biyu da aka manne. Amma duka biyun na ƙarfe ne mai karyewa ba tare da miƙewa sosai ba. Mai nazarin bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, inda ƙarfe kan miƙe kafin ya yage, yana buƙatar wata hanya dabam.

Ko wacce ka zaɓa, gwada ta da sakamakon Freund na 1972: G ≈ G₀(1 − v/cR), inda G₀ shi ne G na tsagar da ke tsaye, cR kuma gudun igiyar Rayleigh, mai bin saman ƙarfe da kusan mita 3,000 a daƙiƙa. Da K (tsananin ja a bakin tsaga) na 50 MPa√m, E (taurin ƙarfe) na 210 GPa da ν (yawan tsukewarsa ta gefe idan an ja shi) na 0.3, G₀ zai zama kusan 10.8 kJ/m², a gudun 900 kuma ya sauko kusan 7.6. Wannan gwaji yana aiki ne kawai kafin igiya ta dawo daga gefen farantin. Idan gefen yana nisan milimita 100, kana da kusan mikrosakan 34, bayan haka sai ka koma ga jimillar kuzarin farantin gaba ɗaya: aikin da aka yi masa, a cire W da T, a raba abin da ya rage da sabon filin da tsagar ta buɗe.