Sabon gini ko tsayayyun malamai: amsa ga mai neman digiri na biyu

'Yar'uwa, kin ce sassa biyu na kiwon lafiyar al'umma sun ba ki gurbin digiri na biyu. Ɗaya ya buɗe sabon gini da ɗakin gwaje-gwaje, amma manyan malamansa sun bar aiki, an ɗauko sababbi. Ɗayan yana tsohon gininsa, malamansa kuwa suna nan daram. Kina tambayar wanne za ki ɗauka.

Ni dai na biyun zan ba ki shawara, sai fa idan bincikenki na ɗakin gwaji ne.

Wannan fanni yawancin aikinsa a kan mutane da alƙaluma yake: yadda za ki zaɓi waɗanda za ki bincika, yadda za ki tsara tambaya, yadda za ki gane ko sakamakon na gaske ne ko dace ne kawai. Malami ke koyar da wannan, yana jan biro a kan babinki. Dubi masu bincike Richard Doll da Austin Bradford Hill a Birtaniya. A 1951 takardar tambayoyi suka aika wa likitocin ƙasar game da shan taba, aka bi likitoci maza sama da 34,000 har shekara 50, aikin ya tabbatar da alaƙar taba da sankarar huhu. Ba wata na'ura mai tsada da ta yi musu wannan.

Kuma idan farfesa ya tafi, ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sau da yawa tallafin bincike da sunansa aka samo, izinin kwamitin ɗa'ar bincike ma haka, har da alaƙar da ya ƙulla da asibitocin da ake tattara bayanai. Ɗalibar da ta kai babi na uku sai a miƙa ta ga wani supabaiza wanda bai san tushen aikin ba, wani lokaci ya ce a sauya taken gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da nake jiye miki.

Ban ce sababbin malamai ba su da amfani ba. Sukan fi samun lokacin ɗalibi, suna kuma da ƙishin wallafa bincike. Ki dai tabbatar jami'ar ta amince musu su duba kundin digiri na biyu.

To sabon ginin fa? Idan za ki yi aiki a kan ƙwayoyin cuta, gwajin ruwan sha ko samfurin jini, nan ne wurinki, babu ja. Amma ki je da ƙafarki. Na'urar PCR, wadda ake gano ƙwayoyin halitta (DNA) a cikin samfur da ita, ba ta aiki sai da sinadaranta da ma'aikacin da ya iya ta. Firizar adana samfura tana bukatar tsayawa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana. Ki nemi littafin da ake rubuta masu amfani da na'urorin, ki ga ko akwai sunayen ɗalibai a ciki ko har yanzu kayan suna cikin leda.

Kafin ki biya kuɗin rajista, ki sami ɗaliban da ke shekarar ƙarshe a kowane sashe, ki tambaye su mako nawa babi yake yi a hannun supabaiza kafin ya dawo, kuma mutum nawa cikin ajinsu suka kammala a kan lokaci.