Tikitin Tseren Long Beach: Abin da Mai Kallo Ke Samu da Kuɗinsa

A watan Afrilun 2024 na sayi tikitin kwana uku na tseren motocin IndyCar, wata babbar gasar tseren motoci ta Amurka, da ake yi a titunan birnin Long Beach, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kuɗin bai tafi a banza ba, amma ya kamata duk mai niyyar zuwa ya san cewa babban abin da tikitin zai ba shi shi ne kusanci da motocin, domin babu kujerar da ake hango dukan hanyar daga kanta.

Tun 1975 ake wannan tsere, kuma tsakanin 1976 da 1983 motocin Formula 1 ne suka riƙa fafatawa a nan kafin gasar Amurka ta karɓa. Hanyar ba ta kai mil biyu ba, lanƙwasarta 11 ce, kuma titunan gari ne da motocin jama'a ke bi a sauran ranakun shekara, sai a jera musu katangun kankare da shingen waya. A nan wahalar take, a nan kuma daɗin yake. A filin da aka gina don tsere, direban da ya yi kuskure yana da ciyawa ko tsakuwa da za ta tare shi. A Long Beach katanga ce ke jiransa, kuma da yake tayoyin waɗannan motoci a fili suke, gogar katanga kaɗan ta isa ta lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da taya. Ga gargadar titi, wani wuri kwalta wani wuri siminti, ga shi sitiyarin ba shi da na'urar sauƙaƙa juyawa, da ƙarfin damtse ake sarrafa shi. Ban fahimci nauyin wannan aiki ba sai da na tsaya kusa da lanƙwasa ta ƙarshe, wadda ta yi kama da ƙugiya, na ga yadda direbobi ke taka birki har motar ta kusa tsayawa, sannan su ba ta wuta zuwa titin Shoreline Drive.

Babban ƙalubalen irin wannan tsere shi ne ƙuncin hanya. Wuce abokin hamayya yana da wuya, ko da maɓallin da ke ƙara wa injin ƙarfi na ɗan lokaci, saboda haka sau da yawa lissafin mai da zaɓin taya ne ke raba gardama. Haka aka yi a babban tseren ranar Lahadi da na kalla, inda Scott Dixon, ɗan ƙasar New Zealand, ya yi ta tattalin mai har ya gama zagaye 85 a gaban Colton Herta. A wurina gwaninta ce ta gaske, amma wani da ke zaune kusa da ni, wanda zuwansa na farko ke nan, ya ce shi bai ga komai ba sai motoci na bin juna a layi. Ban ga laifinsa ba, domin wanda ba ya jin bayanin masu sharhi kuma kujerarsa ba ta fuskantar babban allo, rabin labarin ya wuce shi.

Ranar Juma'a ta fi burge ni, saboda cunkoso bai kai na Lahadi ba, kuma da ƙarin kuɗi mutum zai shiga inda makanikai ke aiki, ya ga motocin tseren, ƙirar kamfanin Dallara, da injinan Honda da Chevrolet a kwance. Ranar Asabar akwai tseren IMSA, wata gasa ta daban ta motocin tsere masu rufaffun tayoyi. Abinci a ciki yana da tsada, inuwa kuma kaɗan ce.

Wanda zai je ya nemi kujera mai lamba a sahun sama, kusa da lanƙwasa ta farko inda aka fi yunƙurin wucewa, ya tanadi abin toshe kunne da hula. Ya kuma bar motarsa a gida ya hau jirgin ƙasa na A Line daga Los Angeles, wanda ke sauke mutum 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar shiga.