Rediyon motar Japan da 'yar na'urar faɗaɗa zango: abin da na gani bayan wata takwas

Ranar da na karɓi motar, rediyon da ke cikinta ya fi komai burge ni. Babban allo, lasifika shida, sauti mai nauyi wanda ba ya tsagewa ko an ƙure shi. Sai da na kama hanyar gida na ce bari in ji labaran yamma. Na danna maɓallin neman tasha, lambobi suka fara gudu daga 76, suka haura, suna kaiwa 90 sai suka koma 76. Na sake dannawa, haka dai. Tasha biyu rak ya kamo, ɗaya a 88 da ɗoriya, ɗaya a 89 da ɗoriya, kuma babu wadda nake saurara a cikinsu.

Na ɗauka eriya ce ta tsinke. Mai wayarin da na kai wa motar ko buɗe komai bai yi ba, ya leƙa allon ya ce, "Alhaji, lafiyarsa lau, ɗan Japan ne kawai."

Ashe zangon FM na Japan daban yake da na sauran duniya. Yawancin ƙasashe tashoshinsu suna tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, su kuwa Japanawa a da nasu daga 76 ne zuwa 90, domin abin da ke sama da 90 tashoshin talabijin ɗinsu na tsohon tsari ne suka riƙe shi har aka rufe su a 2011. Daga 2014 suka fara faɗaɗa zangon rediyon zuwa 95, don haka wasu sabbin motocin sukan ɗan haura. Tawa ta girmi wannan canjin. Abin da rediyona da tashoshin da ke kewaye da ni suka haɗu a kai bai wuce ɗan tsakanin 87.5 da 90 ba.

Zaɓi biyu ya ba ni: a cire rediyon a sa wani, ko a sa 'yar na'urar da suke kira ispanda. Ban so cire shi ba, saboda kyamarar baya da maɓallan da ke jikin sitiyari duk da shi suke aiki, kuma na sha ganin yadda dashbod ke komawa idan aka cusa masa rediyon da ba girmansa ba. Na zaɓi ispanda.

Ba ta fi akwatin ashana girma ba. Ana zare wayar eriya daga bayan rediyo a soka mata, ita kuma a soka tata wayar a rediyon, sannan a ba ta wuta bolt 12. Aikin bai kai awa guda ba, mafi yawan lokacin ma wajen ɓanɓare robobin dashbod ya tafi. Abin da take yi shi ne ta rage wa kowace tasha wani adadi tsayayye, ta sauko da ita inda rediyon zai iya gani. Tawa ta farko 14 take ragewa. Tashar da ke 99.5 sai na same ta a 85.5, ta 103.5 kuma a 89.5. Lambar da ke kan allo ta zama ƙarya ke nan har abada, mai gabatarwa yana faɗin mitarsu kana kallon wata lambar dabam. Makon farko lissafi na riƙa yi a ka kamar ɗan firamare, daga baya na ajiye tashoshin a maɓallan ajiya shida na manta da zancen.

Kuskuren da na yi, wanda shi ya sa na zauna rubuta wannan sharhin, shi ne ban tambayi nawa take ragewa ba kafin a ɗaura ta. Tagar rediyon faɗinta megahaz 14 ne, daga 76 zuwa 90, zangon da ake son cusawa ta cikinta kuwa ya haura 20. Ko ta wane gefe aka ja bargon, wani gefen zai buɗe. Mai rage 14 tana kawo maka daga 90 zuwa 104, duk abin da ya haura nan ya tafi. Tashar da nake jin wasanni a kanta tana 105.7, idan aka cire 14 ta zama 91.7, rediyon ba ya kaiwa can. Na koma aka canza mini da mai rage 18, wasannina suka dawo a 87.7, sai tashar 92.3 da uwargida ke so ta faɗa 74.3, ƙasa da inda rediyon ke farawa. Wannan bai yi wa zaman lafiyar cikin mota daɗi ba. Da na san haka, da takarda zan ɗauka in jera tashoshin da nake ji da mitocinsu, in gwada cire 10, 14, 16 da 18 daga kowacce, in ga wace lamba ce ta fi kwaso su. Ana kuma samun mai zango biyu, wato mai rage adadi iri biyu maimakon ɗaya, ita na ƙare a kai, kuma ita zan ce a nema tun farko.

Akwai wata matsalar da babu wanda ya faɗa mini. Tashoshin da dama can rediyon ke kamawa, na 88 da 89, ba sa gushewa. Idan tashar da aka sauko da ita ta faɗo daidai kan ɗaya daga cikinsu, sai su hau juna. Da ta farkon, tashar 102.1 ta sauka a 88.1, kusa da wata mai ƙarfi, sai in riƙa jin waƙa a ƙarƙashin muryar mai karanta labarai, idan na sha kwana ɗaya ta danne ɗaya.

Batun ƙarfin kamu, a cikin gari ban ga bambancin da zai dame ni ba. A doguwar tafiya ne ake gane an sa wani abu tsakanin eriya da rediyo. Tasha takan fara shuu tun motar da muke tafiya tare tana jin ta garau, kuma maɓallin neman tasha yakan tsallake masu rauni sai na bi da hannu. A farko ma akwai wani siririn kuka da ke tashi duk lokacin da na taka totur, ashe wayar ƙasa ce ba a ɗaure ta da kyau a jikin ƙarfe ba. Aka gyara, ya ɗauke. Matsakaicin zango bai taɓa ba ni wahala ba, domin tazarar kilohaz 9 da Japan ke bi tsakanin tashoshi ita ake bi a Afirka da Turai.

Wani abokina mai motar Amurka ya yi ta yi mini dariya, har ranar da ya nemi tashar da ke 98.4. Nasa rediyon yana kaiwa 107.9, amma a kan lambobin mara kawai yake tsayawa, 98.3 sai 98.5, ta tsakiyar sai dai ya ji ta a karkace da ɗan ƙaiƙayi a sautin. A matsakaicin zango kuma goma-goma yake tsalle. Shi ispanda ba za ta yi masa komai ba, sai in rediyon yana da wurin sauya yanki a cikin saitinsa.

Sauran abubuwan da ke allon nawa ado ne kawai. Taswirar ta Japan ce, rubutun duk Japananci, da kyamarar waya na fassara shi har na gano inda ake haɗa Bluetooth.

Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, kuma yana son kyamararsa da maɓallan sitiyarinsa, ispanda mai zango biyu ta ishe shi. Direban da ke kwana a hanya yana neman tasha daga gari zuwa gari, ya cire rediyon ya sa mai cikakken zango. Ni dai na bar nawa, an ajiye wa uwargida tasharta a maɓalli na ɗaya, wasannina suna na biyu.