Golf a Jami'ar Stanford: Wurin Horo na Gaske, Amma Gurbi Biyar Ne Kacal

Wanda yake neman jami'ar da ɗansa ko 'yarsa za su haɗa karatu da wasan golf a Amurka, da wuya a jera masa uku ba a sa Stanford ta jihar Kalifoniya ba. Filinta mai rami 18 an buɗe shi tun 1930, kuma yana cikin harabar makaranta, ɗalibi na iya fitowa daga aji ya hau keke ya isa. A nan Tom Watson ya yi wasa, haka ma Tiger Woods, wanda ya ci kofin ɗaiɗaiku na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 1996.

Abin da ya fi burge ni shi ne wurin atisaye na Siebel, wanda 'yan ƙungiyar golf ta jami'ar kaɗai ke shiga. An yi dandalin ramuka iri-iri, kowanne da irin ciyawarsa da gangarensa da yashinsa. Amfanin wannan babba ne, domin ƙwallo ba ta gudu iri ɗaya a kan kowace ciyawa. Yaron da ya saba da iri guda, ranar da ya je gasa a wata jiha sai ka ga bugun kusa da rami yana wucewa ko yana gazawa, maki na zubewa a banza.

A yanzu dai mata sun fi maza tashe. Ƙarƙashin koci Anne Walker sun ci kofin ƙasa a 2015 da 2022 da 2024, Rachel Heck ta ci na ɗaiɗaiku a 2021, Rose Zhang kuma ta ci sau biyu a jere, 2022 da 2023. Mazan, da Conrad Ray ke horarwa, sun ɗauka a 2007 da 2019.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Mutum biyar ne ke buga wa ƙungiya a gasa, kuma a kowane zagaye makin huɗu mafi kyau ake ƙirgawa, a watsar da na biyar. Kafin tafiya akan yi wasan tantancewa tsakanin 'yan ƙungiya, wanda ya gaza ya zauna a gida. A ƙungiya mai ƙarfi irin ta matan nan, yarinyar da za ta zama ta ɗaya a wata jami'a tana iya shafe zango ba ta shiga biyar ɗin ba. Wannan ya kamata iyaye su tambayi koci baki da baki kafin a sa hannu.

Karatu ma ba sassauci. Zangon Stanford mako goma ne, gasa kuwa takan ci kwana uku ban da tafiya da ranar gwajin fili, don haka fita biyu a wata ɗaya kan bar ɗalibi da tulin aiki. Tun 2024 jami'ar ta koma rukunin gasar wasannin jami'o'i na ACC, wanda yawancin makarantunsa ke gabashin ƙasar, nesa da Kalifoniya.

Kuɗin shekara ya haura dala dubu 80, kuma ba kowane ɗan wasa ne ke samun cikakken tallafi ba. Koci ba ya da izinin tuntuɓar yaro sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama shekara ta biyu a babbar sakandare ta tsarin Amurka (wato aji na goma), saboda haka a tanadi sakamakon gasanni da na jarrabawa kafin ranar.